Tayin ƙarya da tayin sakan na ƙarshe a gwanjon intanet: wanne ne cuta?

Nura Mai Waya: Assalamu alaikum manyanmu. Masu bin gwanjon eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ku taimaka ku raba mini gardama. Abu biyu ne suka same ni a hannun masu sayarwa daban-daban. Na farko wata kwamfuta ce tana dala 180, na rubuta cewa iyakata 300. Sai wani asusu ya fara tayawa kaɗan-kaɗan, goma, ashirin, har ya wuce ni ya kai 310. Jim kaɗan ya janye, wai kuskuren rubutu ya yi. Can sai ga wani asusun daban ya taya 295 ya yi shiru. Aka rufe, na biya 300 cif. Na biyu waya ce, ni ke kan gaba tun ranar da aka saka ta, saura sakan uku a rufe wani ya faɗo daga sama ya ɗauke. Ni a wurina duk biyun an cuce ni, kuma wallahi na biyun ya fi ƙona mini rai.

Alhaji Sabo Motoci: Wa alaikumus salam. Yaro, na farko aljihunka aka shiga. Na biyu ba wanda ya taɓa ka, an fi ka haƙuri ne kawai.

Nura Mai Waya: Haba Alhaji, mutum ya laɓe sati guda bai ce uffan ba, sai da ya ga ba ni da damar ramawa?

Injiniya Bashir (Jamus): Nura, a wayar nawa ka sa iyakarka, shi kuma a nawa ya ɗauka?

Nura Mai Waya: Na sa 150, ta tafi a 152.50. Da dala biyu da rabi fa kawai, Yaya Bashir.

Injiniya Bashir (Jamus): To a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ba da dala biyu da rabi ya fi ka ba. A eBay abin da ka rubuta ba shi za ka biya ba, iyakarka ce, kwamfutarsu ke tayawa a madadinka mataki-mataki. Wanda ya ci yana biyan iyakar na biyu ne da ƙarin mataki ɗaya. Daga dala 100 zuwa ƙasa da 250 matakin 2.50 ne, daga 250 zuwa ƙasa da 500 kuma dala 5. Mutumin nan wataƙila 200 ya rubuta, wataƙila 230, ba za ka taɓa sani ba. Kai dai an nuna maka 152.50 ne saboda a 150 ka tsaya. Da 240 ka rubuta tun ranar farko, da ya zo a sakan na uku da 200 ɗinsa ya tarar da ƙofa a rufe, kana barci ma. Kuma idan iyakarku ta zo ɗaya, wanda ya riga sakawa ne ke ci. Lokaci bai kayar da kai ba, kuɗin da ka rubuta ne ya kayar da kai.

Nura Mai Waya: Ai da na ga ya taya zan ƙara.

Injiniya Bashir (Jamus): Shi ya sa bai bari ka gani ba. Kuma tunda za ka iya ƙarawa, 150 ba iyakarka ba ce ke nan, gwaji ka yi.

Isufu Maraɗi: Ni dai ina bayan Nura. Ko doka ba ta hana ba, akwai rashin kara a ciki. Ciniki a fili ake yin sa, ka taya in taya, wanda ya gaji ya bari. Kuma ba an hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa ba? Malam Habibu yana nan, ya gaya mana.

Maman Iman (Leeds): Bari in yi magana ta ɓangaren masu sayarwa, tunda ni jakunkuna da takalma nake sakawa. Masu jiran sakan na ƙarshen nan su ne ciwon kanmu. Ka saka kaya, ka ga mutum talatin sun sa masa ido, amma farashi ya kwanta a fam 12 har kwana shida. Jakar da ka sayo fam 40! Barci ba ya ɗaukarka. Wani lokacin a minti na ƙarshe ta yi tsalle zuwa 70, wani lokacin kuma ta tafi a 15 kana kallo. To don Allah idan na ce wa ƙanwata ta ɗan taya ta kai shi kuɗin da na sayo, ba riba nake nema ba, uwar kuɗi nake karewa, wa na cuta? Kada a yi mini kallon banza, da yawa ana yi, ni dai tambaya na yi.

Alhaji Sabo Motoci: Hajiya kin tono babbar magana. 😂

Malam Habibu: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na ga tambayoyin biyu, bari in fara da ta Hajiya domin ita ce mai nassi ƙarara.

Abin da kika siffanta shi ne najashi. Hadisin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, yana cikin Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi. Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, ya kuma yi bayaninsa: mutum ya taya kaya sama da kuɗinsa, ba shi da niyyar saye a ransa, don dai wani ya biyo sahunsa. An ruwaito daga Sahabi Abdullahi ɗan Abi Aufa cewa mai yin haka maciyin riba ne, maha'inci. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma da ta zauna a Burunai a 1993 ta tattauna cinikin gwanjo, ta halatta shi, ta kuma jaddada haramcin najashi da siffofinsa, har da wanda mai kaya ke haɗa baki da wani.

Ba zan ɓoye ba, akwai malaman da suka sassauta idan wani ya ga ana neman karya wa mai kaya farashi, ya taya don ya kai kayan ƙimarsa ta gaskiya. Amma ki duba naki yanayin. Ke kika zaɓi ki fara da ƙaramin farashi don ki jawo mutane, kin amince da sharaɗin shafin cewa ke da iyalinki ba za ku taya don ɗaga farashi ba, sannan mai saye ya shigo yana zaton da masu saye irinsa yake takara. Ga saɓa sharaɗi, ga ruɗi. Idan ba za ki iya sallamawa ƙasa da 40 ba, ki fara daga 40.

Ta Malam Isufu kuma: hanin yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa yana aiki ne bayan mai kaya ya karkata ga mutum ɗaya, sun daidaita, saura ƙullawa. Gwanjo kuwa an gina shi ne a kan "wa zai ƙara?" Akwai hadisin Anas inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayar wa wani mabuƙaci shimfiɗa da ƙoƙonsa, wani ya taya dirhami ɗaya, ya ce wa zai ƙara, wani ya ba da biyu. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma jumhurun malamai a kan halaccin gwanjo suke. Muddin ba a rufe ba, ba a sallama wa kowa ba. Wanda ya taya a sakan na ƙarshe da niyyar saye, kuma zai biya, bai yi wa kowa ƙarya ba. Ɓoye abin da ke aljihunka ba ha'inci ba ne. Wallahu a'alam.

Isufu Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, na karɓi hukuncin. Amma halal daban, kyautatawa daban.

Malam Habibu: Haka ne. Sai dai ban san wata kyautatawa da ta wajabta maka sanar da abokin takara kuɗinka ba.

Maman Iman (Leeds): Malam na gode, Allah ya saka. Matsalar ita ce idan ka fara daga 40 ba mai ko leƙowa. Idan kuma ka sa ɓoyayyen farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba, akwai kuɗin da ake caja a kai, ko an saya ko ba a saya ba, kuma masu saye da sun ga alamar suke wucewa.

Injiniya Bashir (Jamus): Hajiya, bari in ba ki labarin abin da ya faru a nan Jamus, ya kai har babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe, aka yanke hukunci a watan Agusta 2016. Wani ya saka motarsa Golf 6 a eBay, ya fara daga yuro 1. Mutum ɗaya ya taya yuro 1. Wani mai saye na gaske ya shigo. Mai motar ya buɗe asusu na biyu ya riƙa tayawa da kansa, yana tura wancan sama, har suka kai yuro 17,000, asusun mai motar ya ci. Mai sayen ya gano, ya kai ƙara. Kotu ta ce duk tayin da mai kaya ya yi wa kansa ba tayi ba ne, a share shi. Da aka share, me ya rage? Yuro 1 na mutumin farko, da mataki ɗaya a kansa. Ma'ana an ƙulla cinikin Golf a yuro 1.50. Tunda motar ta riga ta bar hannunsa, aka ce ya biya diyyar yuro 16,500.

Baba Zango (Kumasi): Garin neman ƙiba an samo rama.

Sadik Lauya: Kuma Aunty, ke da kike Ingila abin ya fi kusa da ke. A 2010 aka hukunta mutum na farko a can kan wannan laifin a eBay, wani mai kamfanin hayar ƙananan bas. Asusu biyu gare shi, yana sakawa da ɗaya yana tayawa da ɗaya, har yabon kansa yake rubutawa. Tara da kuɗin shari'a suka tasam ma fam 5,000, ga aikin al'umma na awa 250. A kotu cewa ya yi bai san laifi ba ne. Bai fisshe shi ba.

Maman Iman (Leeds): To na ji. Ƙanwar tawa ma ba ta da asusu, ku kwantar da hankalinku. 😅

Sadik Lauya: Wanda ya fi shahara shi ne na Amurka a shekarar 2000. Wani lauya a Sacramento, Kenneth Walton, ya saka wani zane a eBay, ya fara daga santi 25. Ya rubuta labari kamar wani bagidaje: wai a wajen masu sayar da tarkacen gida ya tsinto shi, wai ɗansa ya huda shi da keken wasa, wai matarsa ba ta son ganinsa a gida. Bai ce zanen wane ne ba, amma a kusurwar hoton ana hango "RD52". Wasu masu tayi suka ɗauka aikin shahararren mai zanen Amurka Richard Diebenkorn ne na 1952, mai shi bai san abin da ya riƙe ba. Shi da abokansa suka riƙa tayawa da asusai da yawa don a ga kamar manyan masu saye sun gano wani abu. Aka rufe a dala 135,805, wani ɗan ƙasar Holan ya ci. Jaridu suka ɗauka, daga nan asiri ya tonu: shi ya rubuta haruffan, kuma ba shi da mata ba shi da ɗa. A 2001 aka gurfanar da su uku, shi da Kenneth Fetterman da Scott Beach. Walton ya amsa laifi, ya rasa lasisin lauya, Fetterman ya gudu, daga baya aka kama shi ya sha ɗauri kusan shekara huɗu.

Abin da nake so a lura da shi: tayin ƙarya ba farashi kaɗai yake ɗagawa ba. Shaidar zur yake bayarwa cewa kayan na da daraja. Kowa na cewa a ransa, mutum goma ba za su yi rububin banza ba.

Dakta Rabi: Sadik ka taɓo inda nake so in shiga. Ina koyar da wannan a aji, kuma abin da ɗalibai ke mamaki shi ne tsarin eBay a takarda bai kamata ya haifar da jiran sakan na ƙarshe ba. Masanin tattalin arziki William Vickrey ya nuna tun 1961 cewa idan wanda ya ci zai biya kuɗin na biyu ne, abin da ya fi wa kowa shi ne ya rubuta gaskiyar iyakarsa ya tafi harkarsa. Ya samu kyautar Nobel a 1996, ya rasu kwana uku bayan sanarwar. To me ya sa mutane ke laɓewa?

Alvin Roth da Axel Ockenfels sun bincika, suka wallafa a 2002. Lokacin Amazon ma na da gwanjo. Bambancinsu ɗaya: eBay na rufewa a ƙayyadadden lokaci ko ana tsakiyar tayi, Amazon kuwa ba ya rufewa sai an yi minti goma ba wanda ya ƙara. Suka tarar tayin ƙarshen lokaci ya yi yawa sosai a eBay, a Amazon kaɗan ne. Kuma a eBay, gwargwadon gogewar mutum gwargwadon jinkirinsa. Sun kuma ga abin ya fi yawa a kayan tarihi fiye da kwamfutoci, saboda wanda ya san kaya ba ya son tayinsa ya zama sanarwa ga waɗanda ba su sani ba.

Dalilan masu jira uku ne a fahimtata. Gudun irin su Nura, ka yi haƙuri ƙanena, masu ƙara biyar-biyar duk lokacin da aka wuce su. Ɓoye sani. Sai na ukun, wanda ya haɗa tambayoyinka biyu: gudun ɗan kore, wato mai tayin ƙarya. Ka sake duba abin da aka yi maka a kwamfutar. Iyakarka ta kwana a shafin, aka yi ta ƙwanƙwasa ta har aka gano 300 ce, aka janye, aka dawo aka tsaya dab da ita. Da a sakan biyar na ƙarshe ka saka 300 ɗin, yaushe za a samu lokacin yi maka wannan aikin? Mutumin da ya ƙona maka rai a wayar, abin da ya yi shi ne maganin abin da aka yi maka a kwamfutar.

Nura Mai Waya: Kai! Wato in zama irinsa ke nan, Anti Dakta.

Dakta Rabi: Ka zama irinsa. Amma ka yanke iyakarka da rana tsaka, hankalinka kwance, ka haɗa da kuɗin turowa da na kwastam da canjin dala. Kuma kada ka rubuta lamba mai zagaye. Mutane na tsayawa a 150 da 200, kai ka sa 153.77.

Isufu Maraɗi: To ai gyaran a bayyane yake. Kowane shafi ya yi irin na Amazon ɗin, a ƙara lokaci, kowa ya huta.

Dakta Rabi: Wasu na yi. Gwanjon Yahoo na Japan mai kaya na iya kunna ƙarin minti biyar idan an taya a ƙarshe. Bring a Trailer na motoci a Amurka kowane tayi a minti biyun ƙarshe yana mayar da agogo minti biyu. Amma Malam Isufu, wa wannan tsarin ya fi yi wa daɗi? Mai kaya, da ɗan korensa. Tunda ba za ka iya ɓuya ba, duk lokacin da ka taya yana da damar sake tura ka. Kuma a nan zuciya ke hawa, mutum ya manta lissafi ya koma "wallahi ba zai kayar da ni ba". Ka toshe ƙofa ɗaya ka buɗe wata.

Matsalar ma ta girmi intanet. A Ingila a ƙarni na 17 da kyandir ake gwanjon jiragen ruwa, tayin ƙarshe kafin wutar ta mutu shi ya ci, don kada kowa ya san lokacin rufewa. Samuel Pepys, wani jami'in rundunar ruwan Ingila, ya rubuta a 1662 cewa ya ga wani da ke yawan cinyewa, mutumin ya gaya masa ya lura da yadda hayaƙin ke yi dab da mutuwar wutar, a nan yake ɗaga murya.

Baba Zango (Kumasi): Dakta, ba sai an je Ingila ba. Wanda ya taɓa shiga kara ana jibi Sallah ya san aikin. Kana taya rago, sai ga wani ya matso ya kama ƙaho, ya ɗaga wutsiya, ya taya sama da kai, dillali ya ce albarka. Kai kuma ka ƙara don kada a ɗauke. Da yamma ka gan su tare suna shan fura.

Alhaji Sabo Motoci: Mu a Copart da IAA, kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, babu zancen sakan na ƙarshe. Akwai tayin share fage kafin ranar, sannan a buɗe gwanjon kai tsaye, mota na zuwa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya taya agogo ya koma farko. Abin da muka koya shi ne kada ka zuba kuɗinka a share fage, kana ɗaga wa kanka farashin da za a fara da shi ne. Sannan wata motar ko ka ci sai mai ita ya amince, kamfanin inshora ya dawo maka da nasa farashin. Wannan ba na kiransa cuta, tunda an rubuta a jikin motar tun farko.

Inda yaranmu ke shan wuya ba a can ba ne, a nan gida ne. Yawanci ba su da asusun kansu, ta hannun wakili suke saye. Mota ta faɗi a 4,200, wakili ya ce maka an kai ruwa rana, sai a 4,900 ya samu. Wa ka gani ya taya? Ba kowa. Duk wanda zai saya maka mota, ka karɓi lambar motar a gwanjon tun kafin ranar, ka kalla da idonka idan za ka iya, kuma ka ce sai ka ga takardar biyan kuɗi ta asali kafin maganar jirgi zuwa Kwatano ko Legas.

Maman Iman (Leeds): Tunda an zo gida, a taɓo masu gwanjon atamfa da leshi a WhatsApp da TikTok mana. Mai kaya ita ce alƙali, ita ke riƙe da agogo, ƙawayenta na cikin masu tayi. Ta ce ƙarfe tara za a rufe, tara ta yi ta ga farashi bai yi mata ba, ta ce netiwok ne, a ƙara minti goma.

Injiniya Bashir (Jamus): A WhatsApp ma ba za a iya tantance wanda ya riga ba idan saƙonni suka shigo a tare, jerin da ke wayarki ba lallai ya zama shi ke wayata ba. Duk mai yin gwanjo a can ya kamata ya faɗa tun farko cewa wayar wane ce hujja, kuma wanda ke riƙe da ita ba mai kayan ba ne.

Nura Mai Waya: To yaya ake gane ɗan kore kafin a faɗa?

Injiniya Bashir (Jamus): Tabbas dai sai masu shafin, su ke ganin na'ura da adireshi da katin banki. Mu alamu kawai muke bi, musamman tunda an daɗe da rufe sunayen masu tayi, sai harafi biyu da taurari. Ka buɗe tarihin tayin. Asusun da kusan duk tayinsa a wurin mai kaya ɗaya yake, yau takalmi gobe injin wanki, kuma bai taɓa ci ba, abin dubawa ne. Janye tayi bayan an wuce na sama, kamar naka. Kayan da aka ce an sayar, bayan kwana kaɗan ya dawo da hotuna iri ɗaya. Sai kuma wanda ya fi yawa: an kayar da kai, ko awa ba a yi ba saƙo ya zo wai wanda ya ci ya fasa, za a ba ka a kan iyakarka. Damar ta biyu halastacciya ce a tsarin, amma saurin ne abin tambaya. Yaushe aka jira shi har aka san ba zai biya ba?

Sadik Lauya: A yi hattara da zargi dai. Sabon asusu mai ƙara dala ɗaya-ɗaya sau goma sha, sau da yawa sabon shiga ne da bai gane tsarin ba. Wanda ke yawan saye a wuri ɗaya kuma wataƙila don a haɗa masa kaya a kwali ɗaya ne. Ka kai rahoto ta hanyar da shafin ya tanada, ka ajiye hotunan tarihin tayin, kada ka je kana kiran mutum ɓarawo a fili. Ko manya ma ana musu: a Agusta 2021 eBay ta dakatar da PWCC, babban dillalin katunan 'yan wasa, ta ce masu alaƙa da shi sun yi tayin ƙarya, kamfanin ya ƙaryata.

Dakta Rabi: Wani abin dariya, a manyan gidajen gwanjo irin Sotheby's da Christie's mai kaɗa guduma na iya nuna sararin ɗaki ya kira tayin da ba wanda ya yi, a madadin mai kaya, har zuwa ƙasa da farashin da aka ɓoye. Yana cikin sharuɗɗansu a rubuce, don haka ba a kama kowa. Ni dai har gobe bai kwanta mini ba. Malam, rubuta shi a ƙananan haruffa a bayan littafin gwanjo ya wanke shi?

Malam Habibu: Dakta, sanarwar ta rage ruɗin, ba ta kawar da shi ba, tunda na cikin ɗakin bai san wanne tayi ne na gaske ba a lokacin da yake ƙarawa. Ni ba zan yi ba, ba zan ce wa wani ya yi ba.

Nura Mai Waya: Saura matsala ɗaya. Gwanjon Amurka da yawa tsakar darenmu ko da asuba suke rufewa, ga netiwok ɗinmu. In na jira sakan biyar, shafin na juyawa za a rufe.

Injiniya Bashir (Jamus): Akwai shafukan da ke yi maka, irin su Gixen. Ka ba shi lambar kayan da iyakarka, na'urarsu ta aika saura 'yan sakanni, ko wayarka a kashe take. eBay ba ta hana tayin ƙarshen lokaci ba. Amfaninsa na biyu, kafin lokacin kana iya fasawa ko ka rage, abin da ba ka da shi cikin sauƙi idan tayin ya riga ya shiga. Sai dai kana ba wani izinin shiga asusunka ne, ka san wanda ka ba. Kuma ba ya sa ka ci. Idan wani ya rubuta sama da kai tun shekaranjiya, shi zai ɗauka.

Alhaji Sabo Motoci: Mu tsofaffi namu maganin ya fi sauƙi. Mu shida ne muke saye tare. Kafin gwanjo mu zauna, kai bar mini Camry ɗin nan, ni in bar maka Highlander. Ba mai tura wani, kowa ya samu da sauƙi.

Sadik Lauya: Alhaji, ranka ya daɗe, wannan fa a Ingila doka ta hana dillalai shi tun 1927, a Amurka ma ana ɗaure mutane a kansa. Ɗan kore na cutar mai saye, wannan na cutar mai kaya.

Alhaji Sabo Motoci: Kai Sadik, zumunci ne fa. Malam, ka raba mu.

Malam Habibu: Alhaji, malamanmu na Malikiyya sun yi maganarsa. Ya halatta ka roƙi wani daga cikin masu tayi ya bar maka, amma bai halatta a haɗa baki da dukkansu ba, ko da wanda sauran ke bin bayansa. Idan aka yi haka mai kaya na da zaɓin warware cinikin. A gwanjon Amurka inda masu tayi ke shigowa daga ƙasashe da yawa, ku shida ba ku ne kasuwar ba. Amma idan gwanjon tsofaffin motocin wata ma'aikata ne a nan gida, kuma ku shidan ne kaɗai a wurin, to ku ne dukkansu. Wanne kake nufi?

Baba Zango (Kumasi): Alhaji ya yi shiru. 😂

Alhaji Sabo Motoci: Ina tuƙi ne. Malam, zan kira ka bayan Isha'i, wannan ba maganar cikin jama'a ba ce.